Irin Furen Baffa

Jikata ce ta tayar mini da wannan zance, ita ba ta ma san ta yi ba. Ta zo hutu daga Kano da wani irin fure a 'yar takarda mai hoto, ta cika gwangwani da ƙasa ta shuka, ta yi ta ba shi ruwa safe da yamma kamar mai jinya. Da ta ji shiru, sai kawai ta kife gwangwanin a bayan ɗaki, ta ce an cuce ta, irin matacce ne, in ta koma za ta sayi wanda ya riga ya girma a baƙar leda, tunda ga su nan jere a bakin titi. Na bi ta da kallo na rasa ta inda zan fara. Yaran yanzu ba su da laifi, sun taso sun tarar da komai a tsaye da ganyensa. Na je na tona ƙasar da ta zubar, na tsinci ƙwayoyin yadda ta sa su, ko kumbura ba su yi ba. Sai na tsaya ina juya su a hannu, domin na taɓa riƙe irin wannan ƙwaya a tafin hannuna a lokacin da zaman gidanmu gaba ɗaya ya rataya a kanta.

Garin da aka kai ni aure yana bakin kogi ne, tsakanin Ƙaraye da Rogo. Ba sai na faɗi sunansa ba, ko na faɗa babu inda za a je a gan shi, yana ƙarƙashin ruwan dam. Amma in na rufe ido har yau ina jin sa. Ba agogo ke tashinmu ba, gurzar dutsen niƙa ce daga gida zuwa gida, da luguden 'yammata, da kukan maruƙa in an raba su da iyayensu za a yi tatsa. Yanzu inji ke niƙa, ya yi ta ihu, kuma ba ka gane hannun kowa a cikinsa. A da can kuwa ina kwance zan gaya maka wace ce ke niƙa a maƙwabta, har in gaya maka ko da fushi ta tashi. Dangin maigidana Fulani ne da suka daɗe da zama, suna noman gero da gyaɗa, suna da 'yan shanunsu, a waje Hausa, a cikin ɗaki Fulatanci. Ni kuwa Bahaushiya ce daga Ƙaraye, daga gidan masu daddawa. Mahaifiyata ta rasu ban san fuskarta ba. Ƙanwar babana ce ta riƙe ni, Gwaggo, mace mai zafin hannu da zafin baki, wadda ba ta taɓa yarda akwai abin da wuta ba za ta iya ba.

Uwar mijina muna ce mata Inna. Na shiga gidanta a tsorace, don an cika mini kunne da labarin surukai, sai na tarar da matar da ba ta magana sai dole. Ba ta taɓa kiran sunana ba, yarinyar nan take cewa. Ɗanta ma, da yake shi ne na fari, ba ta duban idonsa, in tana da magana da shi sai ta faɗa wa katanga ya ji. Da farko na ɗauka ƙi ne, ashe ni ce ban iya gani ba. Da safe in na buɗe ƙofa sai in tarar da ƙoƙon nono an rufe da faifai, da ɗan curin man shanu yana yawo a kai. Ranar da na ƙona tuwo har ya yi ɗaci, ta cinye nata tas, ta ce itacen bana ba shi da kirki. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni, na farka na ji hannu mai sanyi a goshina, ina buɗe ido ta janye, ta ce tsintsiya ta zo nema. Ni da ban san uwa ba, a gidan nan na san ta, kuma ban taɓa iya gaya mata ba.

A bayan ɗakinta, inda take wanke ƙore, akwai wani fure da babu irinsa a duk garin. Mijinta ne ya kawo shi, Baffa, wanda ya rasu tun kafin a kawo ni. An ce wata shekara da ya dawo cin rani daga Zariya, maimakon ya shigo da atamfa kamar sauran maza, sai ga shi da ɗan tsiro a gwangwanin madara, ya rungumo shi tun daga tasha. Gari ya yi ta yi masa dariya, abin da ba a ci, ba a magani da shi, ba a ba dabba. Shi dai ya dasa abinsa ya kewaye da ƙaya. Sanda na zo ya fi mutum tsayi, ganyensa ƙanana kamar na tsamiya, furensa ja da gefe ruwan ɗorawa, ga wasu dogayen gashi suna leƙowa daga tsakiya. Ba wanda ya san sunansa, furen Baffa kawai ake cewa. Da rani in rana ta take, sai ka ji kwansonsa ya fashe ƙas, ya watsar da 'ya'ya, kaji su zabura. Inna ba ta taɓa ambaton mijinta a gabana ba, amma kullum kafin ta share ɗakinta sai ta share gindin furen nan. Ina jin shi ya sa ba a taɓa ganin wani ya tsiro a ƙarƙashinsa ba, duk abin da ya zubar tsintsiyarta ta kwashe.

Zancen dam ya daɗe yana yawo kafin ya iso ƙofarmu. Muka ga mutane da motoci suna kafa turaku, maza suka yi ta taro a gindin ɗorawa, mu mata muna jin guntu-guntu. Ƙarshe dai aka ce ruwa zai zo har inda muke kwana, kowa ya koma tudu. Da bazara muka tashi, a tsakiyar zafi. Aka kwance rufin ɗakuna, aka zare azara, aka ɗora ƙyamare da turame da buhunan hatsi a amalanke. Abin da ke ɗaukuwa duk an ɗauka. Rijiya ba ta ɗaukuwa, maƙabartar da Baffa ke kwance ita ma haka. Maigidana ya gwada tono furen, ya haƙa har gwiwa saiwar ba ta ƙare ba, sai ya sari reshe, reshen kuma ya bushe tun a hanya. Inna ta ɗauki faifai ta je gindin furen. Ta tsinke busassun kwanson da suka rage, ta murje su a faifai, ta zuba 'ya'yan a 'yar batta ta ɗaure a bakin zanenta. Ƙwayoyi ne masu ɗan faɗi, ruwan ƙasa, masu sheƙi. In ba ka lura ba sai ka ce kalwa ce, 'ya'yan ɗorawar da muke daddawa da su.

Sabon wurin jan tudu ne mai tsakuwa, gidaje a layi, babu inuwar da akuya za ta tsaya. Maƙwabtan da muka saba jin niƙansu an watsa su, wasu sun yi wajen Kwanyawa, wasu Kurugu, da asuba sai ka ji dutse na gurza ba ka san hannun ba. Kafin ruwa ya sauka maza suka yi binne, wato suka shuka gero a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan farko. Inna ma ta yi nata. Ta gyara wuri a bayan sabon ɗakinta, ta zuba taki, ta binne kamar rabin abin da ke battar, yadda duk manomi zai yi da kowane iri. Ruwa ya zo mai kyau. Gero ya fito kamar an kira shi, kuɓewa da yakuwar da na watsa a gefe suka fito, ciyawar da ba wanda ya gayyata ma ta fito. Wurin Inna kuwa ko alama. Aka sake ruwa, aka kuma sakewa, har aka gama noman farko. Kowace safiya in ta idar da salla sai ta zagaya da butarta ta tsaya a kan wurin. In ta ji motsina sai ta hau korar kaji, ko da babu kaza a kusa.

Ana cikin haka Kawu ya zo, ƙanenta, wanda shanun gidanmu duka ke hannunsa, har da 'yan shanun Inna na gado. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Shi bai taɓa son zaman gari ba, a ruga yake. Ruwa ya fara cin fadamar da suke kiwo, tudu kuma duk an nome shi saboda mutanen da aka taso, har burtalin da shanu ke bi an matse. Ya ce ya gama shawara, zai yi kudu da shanu da iyalinsa, can bayan Kaduna, kuma ba tafiyar rani ba ce da ake dawowa. Zai tashi kafin marka ta kama rafuka su cika. Ina tsakar gida ina tankaɗe, suna ɗaki suna Fulatanci, sun manta na kwana biyu a gidan na fara tsintar harshen. Ya ce mata mijinta ya tafi, garinta ya tafi, me ya rage mata a kan wannan tsakuwa, ta zo ta ƙarasa kwanakinta cikin danginta da shanunta. Can ta ce masa ta ba ƙasar nan iri tana jira ta gani. In ƙasar ta karɓa, ita ma za ta zauna. In ta ƙi, to ba wurin zamanta ba ne, ya biyo ta nan ranar da zai wuce. Rariyar ta kusa faɗuwa daga hannuna.

Ina da ciki a lokacin, na fari, ya fara fitowa. Bisa al'ada in watanni sun ja za a mayar da ni Ƙaraye wurin Gwaggo in haihu, in yi wanka, sannan in dawo da jariri. Abin da ya hana ni sukuni shi ne in dawo in tarar da ɗakin nan a rufe. Kuma ba dama in ce mata kada ta tafi. Matar ɗa ba ta buɗe baki ta roƙi uwar miji irin wannan, cikin fari ma ko ambatonsa ba a yi a gabanta, ita tana yi kamar ba ta gani, ni ina yi kamar babu. Maigidana shi ma bakinsa a ɗaure, ba ya zama ya yi hira da ita balle ya ce mata yana so ta zauna. Na matsa masa, ya ce in ya hana ta ya shiga tsakaninta da ɗan'uwanta, kuma mutane za su ce saboda shanu ne. To ka ji gida. Mu biyu ba ma so ta tafi, ita Allah kaɗai ya san abin da ke ranta, duk mun zuba ido a kan ɗan filin da bai fi tabarma ba. 'Yan yanzu da ke kiran uwar miji a waya su zazzage mata duk abin da ke cikinsu, in na ba su wannan labari dariya suke, suna cewa me ya hana ku magana. Ban san yadda zan fahimtar da su ba, mu dai a lokacin ba a yi.

Maigidana ya je wurin malamin gona da ke raba dashen itatuwa a sabon garin, ya kwatanta masa irin. Malamin ya ce ɓawonsa ne ke da tauri, ruwa ba ya shiga. A tafasa ruwa, a sauke daga wuta, a zuba 'ya'yan a bar su har ya huce, washegari a shuka. Magana sarai, babu ruɗani a cikinta. Rashin sa'armu, ranar da ya kawo ta Gwaggo na gidan, ta zo ganin sabon wuri da ƙullin daddawarta. Tana ji ta ce a ba ta ta gani. Inna ba ta iya hana baƙo abu, balle dangin matar ɗanta, sai ta kwance battar ta miƙa mata duka. Gwaggo ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta gasa mata haƙori, ta ja tsaki.

"Yo wannan ai ta fi kalwa taurin kai. Kalwa ma sai ta yini a kan wuta kafin ta saki, shi ne wannan za a ce a sauke ruwa? Shi malamin ya taɓa dafa kalwa?"

Na ce, "Gwaggo, ai ba ci za a yi ba, shukawa za a yi."

"Ke rufe min baki. Tun ba a haife ki ba nake fama da ɓawo."

Na dubi Inna ko za ta ce wani abu, ta sunkuyar da kai tana gyaran faifai. Gwaggo ta ɗora 'yar tukunya, ta yi ta iza wuta daga hantsi har azahar, tana cewa ma sassauci ta yi musu. Da ta sauke, ƙwayoyin sun kumbura sun ninka, ɓawon yana saɓulewa da yatsa, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana nunawa. Gaskiya har ni na ɗan sa rai, don wannan ne karo na farko da na ga irin nan ya motsa. Aka shuka su a gefen na farko, Gwaggo ta koma Ƙaraye tana cewa in sun fito a aiko mata. Ba a jima ba, wata safiya na zagaya, hancina ya gaya mini tun ban durƙusa ba. Wanda ya girma a gidan daddawa ya san warin kalwa in ta fara ruɓa a ƙarƙashin ganye, shi ne ke tashi daga ƙasar. Na tona da tsinke na tarar sun narke sun yi yauƙi. Ina ɗagowa ga Inna a bayana da buta. Ta dubi wurin, sannan ta ce wa katanga, "Gwaggon yarinyar nan ta iya daddawa." Daga ranar ba ta sake zagayawa bayan ɗakin ba.

Na yi fushi da Gwaggo, fushin da ban taɓa yi da ita ba. Da aka kai mata labari cewa ta yi irin ne tsoho, kuma har ta bar duniya ba ta yarda wuta ce ba. Inna kuwa ta fara shiri a hankali, irin shirin da ba a sanarwa. Ta wanke ƙorenta ta jera a rana, ta ɗaure su a raga. Ta mayar wa maƙwabciya da muciyar da ta ara. Wata rana na shiga ɗakina na tarar da babbar tukunyarta ta tuwo, wadda ba ta ba kowa aro, an ajiye mini a bayan ƙofa. Na zauna a gaban tukunyar na yi kuka ba sauti, don ɗakunanmu jikin juna suke. Hadari kuma kullum ƙara haɗuwa yake daga gabas. Manoma na murna, ni kuwa kowane ruwa da aka yi ina ganin ya matso da ranar Kawu.

A kan dutsen niƙa dabarar ta zo mini, don a nan mace ke tunani a zamaninmu. Ina niƙa ina juya abin a raina. Waɗanda Gwaggo ta dafa sun sha ruwa sun kumbura, ke nan malamin gona ya yi gaskiya, ɓawon ne ya tare hanya, wutar kuma ita ta kashe abin da ke ciki. To waɗanda Inna ta binne tun farko fa? Ba su fito ba, amma ban taɓa jin warinsu ba. Batta ta zama wayam, su kuwa suna nan a ƙasa. Tafasasshen ruwa dai na rantse ba zai ƙara taɓa su ba, ko irin na malam ko irin na Gwaggo, zuciyata ba za ta ɗauka ba. Sai na tuna in ɓawon kalwa ya yi gardama, yashi muke zubawa a turmi ya goge shi. Na dubi dutsen da ke gabana, na tsayar da niƙan.

Tono abin da babba ya shuka ba ƙaramin rashin kunya ba ne, don haka na jira ranar kasuwar Rogo, da Inna ta bi matan Kawu sayen gishiri da kanwar tafiya. An ɗan kwana biyu ba ruwa, ƙasa ta sha iska. Suna fita na ɗauki rariya na durƙusa, ga ciki ya tokare ni, ga rana. Na yi ta kwasar ƙasar ina tankaɗewa. Tsakuwar wurin ja ce, kuma girmanta ɗaya da irin, sai in ɗauki abu in fara murna, in goga a zane in ga dutse ne. Ruwa ya tafi da wasu, kaji sun tone wasu. Har la'asar ta gabato abin da na samu bai kai yatsun hannu biyu ba. Amma suna nan yadda aka sa su, sumul, suna sheƙi. Na mayar da ƙasar na lallaɓe ta, na share sawuna don kada a gane.

Ta farko na danne ta da ƙarfi a kan dutsen niƙa na goga kamar mai niƙa, ta rabe biyu. Ta biyu ta kuɓuce daga yatsuna ta yi tsalle, kafin in miƙe zakaran gidan ya haɗiye ta. Wallahi da na kama shi a ranar da an ci nama. Na zauna, na yi bisimilla na sake. Kowace ƙwaya tana da ɗan ido a gefe ɗaya kamar kalwa, na ce a raina nan ne ranta yake, sai na juya ta ɗaya gefen. Na riƙa gogawa a hankali, ina dubawa, ina ƙarawa, har ruwan ƙasan ya koɗe wani ɗan fari ya leƙo, sai in tsaya in ɗauki wata. Fatar yatsuna ta tafi tare da ɓawon. Na jiƙa su a ruwan da bai fi ɗumin wankan jariri ba, suka kwana, da safe sun kumbura. Ban yi murna ba, na Gwaggo ma sun kumbura. Na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma na tura gindin randa, inda kullum da danshi, don na kasa yarda in sake sa su inda ba zan iya buɗewa in gani ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. Duk sanda Inna ta ba da baya sai in je randa kamar mai ƙishirwa, in buɗe, in rufe. Ɗaya ta yi baƙi ta yi fumfuna, wata ta bi ta. Na cire su na jefar, na wanke tsumman. Wata rana na je ɗebo ruwa, rijiyar sabon garin da nisa ga layi, na daɗe, rana ta yi zafi, na taho da sauri ina tsoron tsumman ya bushe. Sai na tarar da shi jiƙe sharkaf, kuma ba naɗin da na yi masa ba ne. Na ce wataƙila randar ce ke ɗiga, wataƙila kuma ni ce na manta. Ban tambaya ba, ba a gaya mini ba. A ranar ne Kawu ya aiko cewa ya gama ɗaure kaya, jibi da safe zai biyo.

Ya zo tun hantsi bai yi ba, gari a lumshe. Daga nesa muka jiwo shanun, kafin a jima sun cika layin gidajen, maƙwabta duk suka fito. Maigidana ya durƙusa a ƙofar gida suna gaisawa, lafiya da gajiya da iyali da shanu da ruwa, a gama a sake ɗaukowa daga farko, kowa na jan gaisuwar don kada a zo ga maganar. Aka fito da kayan Inna aka ɗaure a bayan takarkari, ƙorenta na kaɗawa a raga. Ta fito da mayafinta, ba ta dubi ɗakina ba. Ni kuwa na durƙusa a gindin randa na warware tsumman. Waɗanda suka rage suna nan a kumbure, shiru. Sai da na juya ta ƙarshe na ga ta tsage daga wajen idon, wani ɗan farin abu ya fito ya lanƙwasa, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba.

Na san ba abin da ta ce ba ke nan. Ita ƙasa ta ce, wannan kuwa a tsumma yake. Amma ba ni da wani abu a hannu sai shi. Na fita, ni da ban taɓa haɗa ido da Kawu ba, na ratsa ta cikin maza da cikina a gaba, na durƙusa a gabanta na buɗe tafin hannuna. Wurin ya yi tsit sai numfashin shanu. Ta dubi ƙwayar, ta dubi yatsuna da suka saɓule.

"Adda," in ji Kawu, haka yake kiranta, wato yaya, "rana na yi. Wannan ai ba a ƙasa ya fito ba."

Ta sa yatsu biyu ta ɗauki ƙwayar, ta juya ta koma cikin gida, na tashi na bi ta. A bayan ɗakin ta durƙusa, ta huda ƙasa da ɗan yatsa, ta sa ta farin na kallon ƙasa, ta rufe, ta tsiyaya ruwa daga buta. Sannan ta miƙe ta kama 'yar dangar karan da maigidana ya yi wa wurin, ta girgiza ta.

"Wannan danga ce? Akuya ɗaya ta ishe ta. Yarinyar nan kuma ga yadda take, ba za ta iya bin akuya ba."

Wannan ne karo na farko da ta nuna ta san da cikin. Ta fito ƙofar gida ta yi wa Kawu magana, da Hausa, don kowa ya ji.

"Ka yi gaba da shanun, har da nawa. In ya yi ƙwari na biyo ka."

Kawu ya dube ta. Ya ce, "Adda, wurin da nisa. Ni da ke kuma ba yara ba ne."

"Na sani. Allah ya kiyaye hanya."

Da hannunsa ya kwance kayanta ya ajiye a ƙofa, bai bari kowa ya taya shi ba. Ni murna ta cika ni har ina jin jiri, kuma har yau ban fasa murnar ba. Sai da na ɗaga kai na ga ba ta tsaya rakiya ba. Ta ɗauki gatari ta nufi wata 'yar magarya da ke bayan gida, ta juya wa hanya baya tana saran ƙaya. Shanun suka wuce ɗaya bayan ɗaya, har da wata jar saniya da ta raina tun tana maraƙa, wadda ta tsaya saitinta tana kuka sai da aka sa mata sanda. Inna ba ta waiwaya ba. Ta yi ta sara har ƙararsu ta ɓace, ƙayar da ta tara ta isa kewaye gona, jini na bin hannunta ba ta ma lura ba.

Ƙwayar ta fito, ta yi ganye, ta kama. Na je Ƙaraye na haihu, na dawo na tarar da ɗakinta a buɗe, ita ta sauke jaririyar daga bayana. Ita da Kawu kuwa ba su ƙara ganin juna ba a duniya. A lokacin ban auna abin da ta ajiye ba, sai yanzu da na kai shekarunta, na binne nawa, na san me ake nufi da ɗan'uwa ɗaya da ya rage wa mutum. Duk shekara in fataken shanu sun zo daga kudu sai su kawo saƙonsa, gaisuwa da ɗan goro, da tambaya guda, ko furen ya yi ƙwari. Saƙon ƙarshe da na shaida, tana zaune a inuwarsa da yarana a cinya, ya wuce katanga, ja ya rufe shi har ana hango shi daga bakin hanya. Ɗan saƙon ya ɗaga kai ya dubi furen, ya dube ta. Ta ce ya gaishe shi da kyau, ya gaya masa bai yi ƙwari ba tukuna.